Kalmar "Nauyi" Tsakanin Maganar Yau da Kullum da Darasin Kimiyya

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo rubuta wannan takarda wani ɗan al'amari ne da muka gani da idonmu a lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. A wani aji biyar na firamare, ɗalibar da muka je dubawa ta jefa wa yara tsohuwar tambayar nan: tsakanin kilo ɗaya na ƙarfe da kilo ɗaya na auduga, wanne ya fi nauyi? Yara suka amsa baki ɗaya, suka ce ƙarfe. Malama ta yi murmushi, ta ce ba su ci ba, ai nauyinsu ɗaya ne. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, to me ya sa ƙusa take nutsewa a ruwa, amma gungumen rimi ba ya nutsewa?" Malama ta ce, "Saboda ƙarfe ya fi icce nauyi." Da wannan amsa ta kwance abin da ta gama ɗaurewa, ba tare da ta ankara ba.

Da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga cewa yaran da malamar duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowane lokaci da irin ma'anar da aka ɗora wa kalmar nauyi. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a Nijeriya a 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa. To, ko ma wane harshe hukuma ta zaɓa, duk wanda ya taɓa shiga aji a ƙasar Hausa ya san cewa in bayani ya cije, Hausa malami yake komawa. Saboda haka kalmar da ya yi amfani da ita a wannan lokaci ita ce za ta zauna a kan yaro.

Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa kalmar nauyi ita kaɗai tana ɗauke da abubuwa uku waɗanda kimiyya ta rarrabe, ta ba kowanne ma'auninsa, kuma Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci a cikin maganarsa, illa dai bai raɗa wa kowanne suna ba. Za mu fara da siffar kalmar, sa'an nan ma'anoninta a bakin jama'a, sa'an nan ma'anarta a kimiyya, daga ƙarshe mu kawo shawarwari ga malamai.

2.0 Siffar Kalmar

Nauyi suna ne daga cikin rukunin sunayen nan da ke bayyana abin da jiki yake ji ko ido yake gani, irin su zafi, sanyi, kauri, faɗi, zurfi, tauri da ƙarfi. F. W. Parsons ya yi nazarin wannan rukuni a 1955. Sunayen masu gaɓa biyu ne, suna ƙarewa da dogon wasalin i, kuma hanya ɗaya suke bi wajen haifar da wasu kalmomi. Kamar yadda zafi ya ba mu zazzafa da zafafa, faɗi ya ba mu faffaɗa da faɗaɗa, haka nan nauyi ya ba mu nannauya da nauyaya.

Abin lura a nan shi ne, a asalinsa nauyi abin ji ne. Bahaushe cewa yake yi ya ji nauyi, kamar yadda yake jin zafi ko sanyi. Watau ma'aunin farko shi ne jikin mutum, kansa ko kafaɗarsa ko hannunsa. Ita kuwa kimiyya aikinta shi ne ta ɗauke al'amari daga ji ta mayar da shi awo, yadda abin da aka auna a Kano zai yi daidai da abin da aka auna a Damagaram, ko da masu awon ba ƙarfinsu ɗaya ba. A wurin wannan ƙaura daga ji zuwa awo ne ma'anoni suke sarƙewa.

3.0 Ma'anonin Nauyi a Bakin Jama'a

In muka tattara yadda ake amfani da kalmar a gida da kasuwa, za mu iya kasa ma'anoninta gida huɗu.

3.1 Abin da ke danne mai ɗauka

(1) Kayan nan sun yi wa jakin nauyi.
(2) Kawunsa ne ya ɗauki nauyin karatunsa.
(3) Nauyin gidan duka ya rataya a wuyansa.
(4) Na sauke nauyin da aka ɗora mini.
(5) Ta yi nauyi, haihuwa yau ko gobe.

A misali na (1) kaya ne na zahiri, a na (2) zuwa (4) kuwa alhaki ne ko wajibi. Amma mu lura da aikatau ɗin da aka yi amfani da su: ɗauka, ratayawa, ɗorawa, saukewa. Duk na ɗan dako ne. A wannan gida, nauyi abu ne da yake dannawa daga sama zuwa ƙasa, kuma dole a sami abin da yake tallafe da shi. Karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a kan wannan ma'ana ya ginu.

3.2 Wuyar motsawa

(6) Nauyin jiki gare shi, ba ya tashi da wuri.
(7) Yarinyar tana da nauyin baki.
(8) Nauyin barci ya sa bai ji kiran salla ba.
(9) Kurar ruwan nan da nauyi take, sai mutum biyu sun tura.

A nan babu abin da ya danne wani. Mai nauyin baki ba a ɗora masa kome a baki ba, bakin ne yake da wuyar motsawa. Mai tura kura kuwa ba ɗaukarta yake yi ba, ƙafafunta ne suke ɗauke da jarkokin. Abin da yake ji shi ne wuyar tayar da ita daga tsaye, da kuma wuyar tsayar da ita in ta riga ta ɗauki gudu. Wannan ma'ana daban take da ta farko, ko da yake sau da yawa tare ake samunsu a abu guda.

3.3 Kwatanta iri da iri

(10) Ƙarfe ya fi icce nauyi.
(11) Ruwa ya fi mai nauyi.
(12) Zinariya ta gaske ta fi ta jabu nauyi.

Wanda ya faɗi misali na (10) ya san sarai cewa gungume ya fi ƙusa wuyar ɗauka. Abin da yake nufi shi ne, in aka sami ƙarfe da icce masu girma ɗaya, ƙarfen zai rinjaya. Watau akwai wani sharaɗi da ba a furta ba, shi ne daidaiton girma. Yaran da muka ambata a gabatarwa a kan wannan ma'ana suka ba da amsarsu.

3.4 Daraja da kunya

(13) Yana jin nauyin surukinsa.
(14) Wannan magana ce mai nauyi, sai an tara dattawa.
(15) An kashe kuɗi masu nauyi a bikin.

Wannan gida ba ya shiga darasin kimiyya, kuma da wuya ya rikitar da yaro. Mun kawo shi ne don a ga faɗin kalmar. Har ila yau, ya kamata mu tuna cewa masu nazarin harshe da waƙa sun riga sun keɓe kalmar don aikinsu, inda suke cewa gaɓa mai nauyi, kamar nau a kalmar nauyi, da gaɓa marar nauyi, kamar ƙa a kalmar ƙasa. Babu wanda ya taɓa zaton a sikeli ake auna gaɓa. Wannan ya nuna cewa keɓe kalmar yau da kullum don wani fanni abu ne mai yiwuwa, muddin an yi bayaninta tun farko.

4.0 Abin da Kimiyya ta Rarrabe

4.1 Nauyi

A kimiyyance, nauyi ƙarfi ne, watau ƙarfin da duniya take jan abu da shi zuwa tsakiyarta. Niyuton, masanin nan na Ingila, ya bayyana a littafinsa na 1687 cewa kowane abu yana jan ɗan'uwansa, kuma jan da ke faɗo da ɗan itace daga reshe shi ne yake riƙe da wata a kan hanyarsa. Abin da aka saki ya faɗo, in iska ba ta tare shi ba, gudunsa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Ma'aunin ƙarfi shi ne niyuton, sunan da aka amince da shi a 1948, kuma niyuton ɗaya ya yi kusa da nauyin abu mai giram 100. Buhun siminti mai kilo 50 ke nan nauyinsa niyuton 490 ne.

Tun da nauyi ja ne, to, yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. A 1672 wani Bafaranshe mai suna Jean Richer ya kai agogo mai lilo garin Kayen da ke Amurka ta Kudu, kusa da layin da ya raba duniya biyu, sai ya tarar agogon yana yin baya da kimanin minti biyu da rabi kowace rana, alhali a Faris daidai yake tafiya. Dalili kuwa shi ne jan ƙasa ya fi rauni a can. A yau an san adadin nan kimanin 9.78 ne a kan layin da ya raba duniya biyu, 9.83 kuma a ƙuryarta ta arewa da ta kudu. A kan wata kuwa 1.62 ne kacal, watau kusan kashi ɗaya cikin shida na wanda ke nan. Buhunmu na siminti in aka kai shi can, nauyinsa zai koma niyuton 81, yaro ma sai ya ɗaga shi. Wannan ita ce ma'anar da muka gani a 3.1.

4.2 Mas

Ko da yake buhun ya yi sakayau a kan wata, simintin da ke cikinsa bai ragu ba. Bugu da ƙari, in aka wurgo wa mutum shi da irin gudun da aka wurgo shi a nan, bugun da zai yi masa ɗaya ne. Wannan hali na abu, watau turjiyarsa ga duk abin da yake so ya motsa shi ko ya tsayar da shi, shi ne Turawa suke kira mas. Ba ya sauyawa don an sauya wuri, kuma shi ne ake aunawa da kilogiram. In aka ninka mas da ƙarfin jan wurin da ake, sai a sami nauyi. Mai tura kura a 3.2 da mas yake kokawa, tare da gogayyar ƙafafu da ƙasa, kuma Bahaushen da ya ce wane yana da nauyin jiki ya kama ainihin wannan ma'ana.

Kada mu ɗauka Hausa ce kaɗai ta gama waɗannan abubuwa biyu a kalma guda. Turawa ma sun daɗe cikin wannan ruɗani, har sai da babban taron awo na duniya karo na uku, wanda aka yi a 1901, ya fitar da sanarwa musamman don warware shi, inda ya tabbatar cewa kilogiram ma'aunin mas ne, nauyi kuwa ƙarfi ne. Duk da haka, har yanzu Baturen da ya hau sikeli ya ga kilo 70 cewa yake yi nauyinsa ke nan. Ita kanta kalmar mas daga Latin ta fito, kuma ma'anarta ta asali curin ƙullu ce. Ashe ke nan daga madafa aka ɗauko ta aka kai ta ɗakin gwaji.

Daga 1889, abin da ake kira kilogiram shi ne mas ɗin wani ɗan curin ƙarfe da aka ajiye kusa da Faris, tsawonsa da faɗinsa kimanin milimita 39, wanda aka haɗa da filatinam kashi 90 da iridiyam kashi 10 cikin ɗari. Tun daga ranar 20 ga Mayu, 2019, aka daina dogara da shi, aka ɗora ma'anar kilogiram a kan wani adadi na halitta da ba ya sauyawa, wanda ake jingina wa Max Planck. Amma girman kilo bai sauya ba, kilon kasuwa yana nan yadda yake.

4.3 Cunkoso

Abu na uku shi ne yawan mas da ke cikin wani ƙayyadadden girma, alal misali lita ɗaya. A wannan takarda za mu kira shi cunkoso. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ta man gyaɗa ta ɗan haura giram 900, shi ya sa yake tasowa a kan miya. Baƙin ƙarfe mai girman lita ɗaya ya kai kilo 7.9, darma 11.3, zaiba 13.6, zinariya kuwa 19.3. Duk abin da cunkosonsa ya fi na ruwa zai nutse in curarre ne, wanda bai kai ba kuwa zai taso, kome girmansa. Don haka ne ƙusa take nutsewa a ruwa, amma in aka jefa ta cikin zaiba sai ta taso kamar kara. Wannan ita ce ma'anar 3.3.

5.0 Awo a Kasuwar Bahaushe

Yana da kyau mu dubi irin sanin da yaro yake zuwa da shi daga kasuwa. Hatsi da mudu ko tiya ake auna shi, watau girma ake aunawa. Haka nan zakkar fid-da-kai da mudun Annabi ake fitar da ita. Amma kowace uwargida ta san tiyar gero ta fi tiyar dusa nauyi, kuma mai sayen hatsi yakan jijjiga shi a tafin hannu don ya gane ko ya yi ƙwari ko ƙwaro ya cinye cikinsa. Wannan sanin cunkoso ne tsantsa.

Awon sikeli ma ba baƙo ba ne. Tun zamanin fataucin Sahara ake auna zinariya da miskali, kalmar da aka aro daga Larabci, daga tushen da ke nufin nauyi. Miskali kimanin giram 4.25 ne, shi ya sa malamai da yawa suke ƙiyasta nisabin zinariya na miskali 20 da giram 85. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, manoma suka saba da sikeli da laba, wadda take daidai da giram 454, kafin Nijeriya ta koma tsarin mita da kilo a shekarun 1970.

Sai dai sikeli iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke aunawa ba. Mizani mai faranti biyu yana kwatanta kaya da duwatsun awo. In aka kai shi wata, jan da ya ragu a wannan faranti ya ragu a wancan, amsa ba za ta sauya ba. Mas ke nan yake aunawa. Shi kuwa sikeli mai sifirin, irin wanda ake rataya buhu a ƙugiyarsa, jan ƙasa yake ji, ko da yake an rubuta kilo a fuskarsa. In aka kai shi wata zai nuna buhun simintinmu bai kai kilo tara ba. A kasuwa wannan bambanci ba ya cutar da kowa, domin mai saye da mai sayarwa a ƙasa ɗaya suke tsaye. A aji kuwa shi ne ƙashin bayan darasi.

6.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe a Aji

Na farko shi ne zaton cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa. Wannan ra'ayin Aristotil ne, kuma ya yi ƙarni da yawa ana karantar da shi kafin Galiliyo ya rushe shi a littafinsa na 1638. Bayanin yana buƙatar ma'anoni biyu a lokaci guda. Babban dutse ana jansa da ƙarfi fiye da ƙarami, amma kuma ya fi shi wuyar motsawa daidai gwargwadon haka, sai su faɗi tare. Gashin tsuntsu iska ce take tare shi. A watan Agusta na 1971, David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda. Malamin da kalma ɗaya kawai yake da ita zai iske kansa yana cewa dutsen ya fi nauyi amma kuma ya fi nauyi, yaro kuwa ba zai fahimci kome ba.

Na biyu shi ne batun 'yan sama jannati. Akan ji ana cewa sun fita daga jan ƙasa, shi ya sa suke shawagi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda mutane suka fara zama a cikinta a shekarar 2000, nisanta kimanin kilomita 400 ne, kuma jan ƙasa a can ya kai wajen kashi 90 cikin ɗari na wanda muke ji a nan. Abin da ke faruwa shi ne su da tashar tare suke faɗuwa, suna kewaya duniya, saboda haka babu daɓen da yake tokare musu ƙafa. Jin nauyi ne ya gushe. Shi ya sa sikeli ba ya aiki a can, kuma tun a tashar Skylab ta Amurka a 1973 aka yi dabarar auna mas ɗin mutum da kujera mai lilo, domin gwargwadon mas ɗinsa gwargwadon jinkirin lilon.

Na uku shi ne abin da kowane yaro ya sani a bakin rijiya. Guga cike da ruwa ba ya jin nauyi muddin yana cikin ruwa, da ya fito sai igiya ta miƙe. Mas ɗinsa bai sauya ba, jan ƙasa ma bai sauya ba. Ruwan rijiyar ne yake tallafe da shi da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da ya ture, kamar yadda Arkimidis ya bayyana tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa.

Na huɗu shi ne gammo. Mai tallar da ta ce gammo yana rage nauyi abin da ta ji ta faɗa, amma abin da gammo yake yi shi ne ya baza nauyin a kan wuri mai faɗi, don kada ya taru a tsakar ka. Wannan matsi ne, kuma shi ma darasi ne mai zaman kansa.

7.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawarwari kamar haka.

(a) A bar wa nauyi ma'anar jan ƙasa a darasin kimiyya. Ita ce ma'anar da ta fi kafuwa a harshe, kamar yadda misalai na (1) zuwa (5) suka nuna, kuma ta dace da abin da taron 1901 ya yanke.

(b) A karɓi mas a matsayin kalmar aro. Mun gwada yawa da girma da jiki, sai muka ga kowace tana jawo nata ruɗanin: yawa yana kai hankali ga ƙidaya, girma ga faɗi da tsawo, jiki kuwa ga mutum. Harshen da ya ari miskali da laba da kilo ba zai ji nauyin aron mas ba. Wata fa'ida kuma ita ce, furucinta a Ingilishi da Faransanci kusan ɗaya ne, saboda haka za ta yi wa ɗalibin Katsina da na Maraɗi aiki daidai. Amma wajen bayaninta a fara da kura da nauyin jiki, kada a fara da haddar ma'ana.

(c) A yi amfani da cunkoso ga ma'ana ta uku, tun da yaro ya riga ya san cunkoson jama'a a kasuwa. Kuma duk lokacin da malami zai ce ƙarfe ya fi icce nauyi, to, ya furta sharaɗin nan da ake haɗiyewa, watau in girmansu ɗaya.

(d) A guji kiran jan ƙasa da sunan maganaɗisun ƙasa, kamar yadda akan ji a bakin wasu. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan icce ko ruwa, jan ƙasa kuwa bai bar kome ba. Ga shi kuma duniya tana da maganaɗisunta na gaske, wanda yake juya allurar kamfas, sai sunayen su ci karo a aji na gaba.

(e) Kwalejojin ilmi su haɗa malaman Hausa da na kimiyya wajen horar da ɗalibai a kan irin waɗannan kalmomi. Ƙarfi da zafi da iska da aiki duk suna jiran irin wannan nazari.

Ba mu ce a gyara wa jama'a magana ba. Ma'aikaciyar asibitin da ta ce nauyin jariri kilo uku ne ba ta yi laifi ba, kuma babu mai hana ta. Abin da muke nema shi ne malami ya san lokacin da yake magana da harshen kasuwa da lokacin da yake magana da harshen kimiyya, ya kuma sanar da yaro in zai tsallaka daga wannan zuwa wancan.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun ga cewa nauyi kalma ce ta ji tun asali, kuma ma'anoninta uku na yau da kullum, watau danniya da wuyar motsawa da kwatanta iri, sun yi daidai da abubuwa uku da kimiyya take aunawa da niyuton, da kilogiram, da kuma kilogiram a kowace lita. Da ɗalibarmu ta san haka, da ta ce wa yaran sun yi gaskiya ta wani ɓangare, domin ƙarfe ya fi auduga cunkoso, shi ya sa kilon ƙarfe zai shiga aljihu, kilon auduga kuwa sai kwando. Da kuma ta amsa wa mai tambayar ƙusa da kalma guda ba tare da ta tufka ta warware ba. Laifin ba nata ba ne, mu da muka horar da ita ba mu ba ta kalmomin ba. Sunayen da muka kawo a nan shawara ce, muna kuwa fata mahalarta wannan taro, musamman malaman kimiyya da ke cikinmu, za su gwada su a aji, su gyara inda ya kamata.